Yatsa Huɗu da Surukina Ya Ƙara wa Kuloci

Ranar da surukina ya rasu ni na ɗauko gawarsa daga asibiti, a cikin motar da shi ya gyara mini da hannunsa. Muka kwantar da kujerar baya, muka shimfiɗa tabarma, ƙaninsa ya zauna a gefe ya dafe masa kafaɗa. Hantsi ne, an yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Abin da na fi tunawa a tafiyar nan shi ne yadda nake sa giya. In taka kuloci har ƙasa, in sa, in ɗaga a hankali, in mayar da ƙafa wurin hutawarta, domin Baba ya tsani a fizgi mota. Sai da muka shigo unguwa na tuna cewa ko na fizga ba abin da zai ce. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗa a baki, amma ban ji komai a ƙirji ba.

Matata ta faɗi a zaure tun kafin a shiga da shi, sai da mata biyu suka ɗauke ta. Surukata kuwa ba ta yi kuka ba a lokacin, sai tambaya take a duba aljihun rigarsa, wai akwai goron da ta ba shi shekaranjiya. Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Direbobin tasha suka zo a jere, suka bar motocinsu da lodi. Wata tsohuwa Bagwariya ta taso tun daga Iku da doya uku a kafaɗa, ta ajiye, ta ce shi ya taɓa gyara wa mijinta injin niƙa ranar da kowa ya ce a jefar. Ba wanda ya san ta a gidan.

Mai shagon kayan mota, wani Ibo da suka shekara goma suna ciniki, ya tsaya nesa da tabarmi da hularsa a hannu, bai san inda ya kamata ya zauna ba. Da na je gaishe shi ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"This man, ehn," in ji shi. "Ko sau ɗaya ban iya sayar masa da jabu ba. Zai shinshina kaya ne kawai, ya ce, Oga, mayar. E no dey gree. Yanzu wa zai zage ni da safe?"

Ya share ido da hular. Ni kuwa ina kallon takalminsa, ina tunanin ƙafar hagu ta fi ta dama cinyewa.

Abokin Baba na kusa, mai waldan da rumfarsa ke jikin garejin marigayin, ya zauna ya jingina da bango. Idanunsa dama wutar walda ta daɗe da cinye su, kullum suna ruwa, saboda haka ba a gane ko kuka yake.

An ajiye mini benci, don ba na iya zaman tabarma kamar mutane. Wani dattijo da ya zo daga Minna ya dube ni, ya dubi malamai a ƙasa, ya tambayi na kusa da shi wane ne wannan da ya hau kan manya. Aka raɗa masa, "Surukinsa ne, ƙafa gare shi." Ya ce to, Allah ya ba da haƙuri. Na ce amin. A maƙabarta ma da kowa ya tsuguna don addu'a, ni a tsaye na yi tawa.

Kwana uku na zaman makoki ina ci ina sha, ina amsa gaisuwa. Mutane suna yaba dauriyata. Ba dauriya ba ce, ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na bi ta gaban garejin ba da daɗewa ba, na tarar wani mai faci ya riga ya kafa injin iskarsa a gindin mangwaron da ke wurin. Garin nan cika yake kullum da baƙi masu aiki a Abuja. Nan da shekara biyu in ka ce akwai wani makanike a nan, sai a ce wanne.

Ni ma baƙon ne. Daga Zariya na zo, ina malamin sito a wani kamfanin gine-gine. Shan inna ya taɓa ni tun ina shekara uku, ƙafata ta hagu ta fi ta dama gajarta da yatsa huɗu, siririya ce kuma ba ƙarfi. Ina tafiyata ba sanda. Abu guda ne ba na iyawa: in na durƙusa ba na tashi sai an kama ni. To ranar da aka kai ni gaida uban yarinyar da nake so, kowa ya zube ƙasa, ni na rusuna a tsaye. Ya amsa gaisuwar yana kallon bango. Da muka fito muna sa takalma, na ji muryarsa ta taga yana ce wa ƙaninsa, "Wanda bai iya durƙusawa ba, ta ina zai ɗauki gida?" Auren ya yiwu don yarinyar ta kafe kuma uwarta ta tsaya mata. Maganar nan kuwa na ɗauke ta na ajiye, ban taɓa gaya wa matata na ji ba.

Shekara huɗu tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, kamar yadda surukuta ta tanada, har ma da ƙari. In na hango shi a hanya sai in canza lungu. In ya zo gidana ba ya kiran sunana, sai ya ce da 'yarsa, "Maigidan yana nan?" ko da ina tsaye a gabansa.

Amma ko daga nesa ana sanin Baba. Ɗan asalin gari ne, tun ana ce wa Suleja Abuja, kuma har ya mutu bai yarda an canza ba. In fasinja ya ce zai tafi Abuja sai ya ce, "Ai kana ciki. Can sabon wurin kake nufi. Suna kawai muka ba su aro." Ba ya buɗe mota sai ya saurare ta. Zai ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya rufe ido yana tauna goro. Kuma ba ya yi wa mai mota faɗa, motar yake yi wa. Sai ka ji yana cewa, "Wa ya bar ki ba mai haka? Ke marainiya ce?" Mai motar yana tsaye yana susar ƙeya.

Kamfaninmu ya gama kwangilarsa ya tattara ya tafi. Lokacin muna da yara biyu, na uku yana ciki. Yayana ya tausaya mini ya aiko mini da tsohuwar motarsa, doguwa mai ɗaukar mutum bakwai, ya ce ga ma'aikata nan kullum suna neman abin hawa daga Suleja zuwa Abuja, in nemi abinci. Ya manta da ƙafata, ko kuma kunya ta hana shi tunawa. Na iya tuƙi tun a sito, amma kuloci aikin ƙafar hagu ne. In na taka, rabi yake kaiwa. In na sa giya sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, har maƙwabta su leƙo. Mako uku motar tana ajiye a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, hatsi yana raguwa a buhu.

Wata safiya sai ga Baba da guntun kara a hannu. Ya ce da 'yarsa, "A ce wa maigidan ya shiga motar ya zauna yadda yake zama." Na shiga. Kafin in ankara ya naɗe wandonsa ya durƙusa a ƙasa, nan bakin ƙofar direba, ƙasar ma da danshi. Na yunƙura zan fito.

"Zauna," ya ce.

Ya auna daga tafin ƙafata zuwa matakin kuloci da karan nan, ya sa haƙori ya yi alama. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙafata.

"Taka da iyakar ƙarfinka."

"Baba, ba zan iya taka hannunku ba."

"Ba suruki a nan, makanike ne. In ban san ƙarfin ƙafar ba me zan gyara? Taka."

Na taka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma shi ne karo na farko da ya yi mini magana kai tsaye. Ya ce in sake, na sake, har sau uku. Ya lura cewa ƙafata ba ta sauka daidai, tana karkata waje. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya karɓi makulli ya tafi da motar.

Sai bayan mako biyu ya dawo da ita, yana ɗan ɗingishi. Matata ta tambaya, ya ce jak ne ya zame masa. Mai walda yana tare da shi, kuma shi ya yi wa bayanin, ni ina gefe ina ji. Ya ƙara wa matakin ƙarfe ya taso da yatsa huɗu, ya lanƙwasa shi waje inda ƙafata ke sauka, ya kuma tsawaita shi don ya yi laushi. Na shiga na taka, ya tafi har ƙasa kamar ba ni ba. Giya ta shiga shiru. Na buɗe baki zan yi godiya sai ya ɗaga hannu.

"Duk abin da ka ƙara wa ƙarfe, wani wuri ne zai ji a jikinsa," ya ce da mai walda. "Tunda mun karkata shi, zai riƙa cin zoben da yake juyawa a kai ta gefe guda. Na cire na roba na sa na tagulla, shi ma zai cinye, sai an riƙa sa masa giris ana canzawa. Kuma dole a bar masa wasan yatsa biyu a sama kafin ya kama. Amma babban abin tsoro ba ƙarfen ba ne."

Ya nuna wani guntun katakon maɗaci da ya ɗaure da noti a daɓen motar, hagu da kulocin, tsayinsu ɗaya.

"Ƙafa mai rauni tana neman wurin jingina. Yanzu matakin ya taso kusa da ita, a kansa za ta kwanta, mai ita bai sani ba. In ta kwanta, faifan kuloci zai riƙa gogawa, bai kama ba bai saki ba, har ya ƙone. To ga gadonta nan. Ya taka, ya ɗaga, ya ajiye."

Da wannan ƙarfe da wannan katako na fara lodi. In ɗauki ma'aikata da sassafe, in wuce ta gindin dutsen Zuma, in dawo da 'yan kasuwa. Aka haifi na uku aka yi suna da rago. Baba kuma ya ɗauki wata sabuwar al'ada, duk Juma'a da safe sai ya zo ganin jikoki. Zai ba su alewa, ya zauna minti biyar, ya ce bari ya sha iska a waje. In ya dawo sallama akwai giris a gefen hularsa. Ni da shi duka muka yi kamar ba mu san abin da yake yi ba.

Saɓaninmu ɗaya ne, kuma ni na jawo shi. Wata safiya wata ma'aikaciya ta zauna a gaba, jakarta ta faɗi, ta sunkuya ɗauka sai ta ga katakon da ƙarfen walda da ƙafata a kai. Ta ɗago ta ce, "Driver, please tsaya in sauka. Ni ina da 'ya'ya." Na tsaya ta sauka, wasu biyu suka bi ta. Kafin yamma labari ya kai tasha. 'Yan kamasho suka fara kiran lodina da "motar mai katako", wasa ne a wurinsu, suna yi suna dafa kafaɗata. Ƙarfen ba ya ganuwa sosai, baƙi ne a cikin duhu. Katakon ne ja, yana ɗaukar ido. Na sa sifana na kwance shi da hannuna, na jefa cikin itacen girki. Na ce a raina ai na shekara ina tuƙi, ƙafata ta koya.

Lokacin wahalar mai ne. Sai ka wuni a layi, mota ta matsa taku uku ta tsaya, ta matsa ta tsaya. Masu ƙafa suna kashe inji su tura da hannu, ni ba na iya turi, saboda haka ina ciki ina wasa da kuloci. Tsakanin matsawa da matsawa ƙafata tana kwance a kansa, ban ko sani ba, kamar yadda aka faɗa. Juma'ar farko Baba ya leƙa, ya ga ramukan noti babu katako. Ya sa giris ɗinsa ya tafi.

Ba a yi wata biyu ba, ina hawan tudun kusa da Zuma da mutum bakwai da buhun doya, sai inji ya riƙa kuka mota ba ta tafiya. Wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Muka tsaya a tsakiyar hawa, fasinjoji suka sa duwatsu a taya suna zagina da harsuna uku. Baba ne ya zo ya ja ni da igiya. Tun daga can har gareji bai dube ni ba.

Washegari da rana matata ta shigo da tire an rufe da faifai, ta ce daga gidansu ne. Na wanke hannu, na ɗauka dambu ne. Na buɗe na ga faifan kulocina, baƙi ƙirin, ya cinye har ƙusoshi sun fito.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

"Ya ce a kawo wa maigidan, shi ya dafa."

Yau in na tuna ina ganin abin dariya ne. A ranar kuwa raina ya ɓaci, maganar tagar nan ta taso mini. Na ce, "Dama ubanki bai taɓa so na ba. Ya kafa mini katako ne don duniya ta san gurgu ya aura wa 'yarsa." Matata ta dube ni. Ta ce, "In kana da magana da shi, ka san hanyar gareji. Ni ba zan ɗauki wannan ba." Ta ɗauke tirenta ta fita.

Bayan kwana huɗu mai walda ya kawo motar. Sabon faifai, kuma katakon ya koma wurinsa. Ashe matata ce ta tsame shi daga cikin itace ta ɓoye. Amma yanzu an lulluɓe shi da baƙar roba irin ta shimfiɗar daɓen, an manne tsaf, in ba ka sani ba sai ka ce haka aka ƙero motar. Ba wanda ya gaya wa Baba labarin ma'aikaciyar nan a gabana. Ya gane abin da ya dame ni, ya gyara shi kamar yadda yake gyara komai.

Ban je godiya ba. Wata biyu in Juma'a ta yi sai in fake a ɗaki har ya gama ya tafi, shi kuma bai fasa zuwa ba. Ran nan dai na fito na tsaya a bayansa yana durƙushe, kansa a ƙarƙashin sitiyari. Ya miƙo hannu baya yana laluben tsumma, na ɗauka na sa masa. Ya goge hannu, ya dafa kujera ya ce da motar, "Kin ji jiki. Amma mai ke ma ya ji." Shi ke nan sulhunmu. Na yi niyyar in ba shi haƙuri da bakina, kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa.

Ciwonsa bai daɗe ba, kwana tara ne. Ranar da na je duba shi na ƙarshe ɗakin cike yake da 'yan'uwa, na tsaya a bakin ƙofa. Ya yafito ni da yatsa.

"Ya fara rawa?"

Sai da na yi jim na gane matakin kulocin yake nufi. Na ce a'a, Baba.

"Zai fara. Ka je wurin mai walda."

Na ce to, Allah ya ba ku lafiya. Ita ce maganarmu ta ƙarshe, kuma a cikin hidimar makoki na manta da ita sarai.

Bayan sadakar arba'in matakin ya fara rawa. In na taka sai in ji yana karkata gefe yana ƙara, giya ta biyu ta soma gardama. Na kai wa wani makanike a bakin tasha, ya leƙa ya yi dariya, ya ce wannan haɗe-haɗen gargajiya ne, a yanke a mayar yadda kamfani ya yi. Na ce in an mayar ba zan iya tuƙawa ba. Ya ce to in ba wani ya tuƙa mini. Na kai wa wani, shi kuma ya ce zai ɗaure shi tamau ya kashe wasan yatsa biyun, na karɓi makullina na tafi. Na dawo gida na ajiye motar inda ta taɓa zama mako uku, na ga kaji sun nufo ta. Yara huɗu ne yanzu. Ina zaune ina kallonta ba na tunanin komai, sai matata ta ce, "Ba Baba ya ce ka je wurin mai walda ba?" Ashe ta ji mu ranar a asibiti.

Na same shi a rumfarsa ba ya aikin komai. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya shiga ciki ya fito da wani babban gwangwanin madara, ya buɗe. Zobban tagulla ne guda bakwai, kowanne an naɗe shi a tsumma mai giris. A ƙarƙashinsu ga guntun karan nan da alamar haƙori, da kwali an yanka shi daidai siffar ƙarfen, ko da wata rana zai karye.

"Tun bara yake yin su, in ba aiki," in ji mai walda. "Ya ce hannunsa ya fara rawa, gara ya yi tun yana gani."

Na ce Allah ya jiƙansa. Na rufe gwangwanin zan tashi, ya riƙe mini riga.

"Zauna. Ya hana ni faɗa, amma wanda ya hana ba ya nan. Ka san mako biyun da ya riƙe motarka? Aikin kwana biyu ne. Sauran kwanakin tuƙa ta yake. Ya ja kujera baya yadda ƙafarsa za ta gaza da yatsa huɗu, ya cire takalmi, ya sa na ɗaure masa gwiwa da robar tayar keke don kada ƙarfinta ya wuce naka. Kullum mu tafi Izom mu dawo. Na ce masa, kai da girmanka, in mutane suka gani fa? Ya ce ba zai ɗora 'yarsa da jikokinsa a kan abin da bai taka da irin ƙafar ba."

Ya goge idonsa mai ruwa da bayan hannu.

"Waldar farko ta karye mana a gangara, muka faɗa gonar doya. Ƙarfen ya yanke shi a ƙwauri. Shi ne ya ce muku jak. Katakon nan kuma a rana ta biyar ya gano shi, da ya ga tasa ƙafar ta gaji ta kwanta a kan kulocin bai sani ba. Ya ce, ashe haka yaron nan yake fama."

Na zauna ina juya gwangwanin a hannu. Ina jira in ji wani abu ya fashe a ƙirjina, bai fashe ba. Na lura dai an rubuta wa gwangwanin wani abu da ƙusa a murfi, da ajami, na kai kusa da ido. An rubuta: na maigidan.

"Ni ba na gani a ƙarƙashin sitiyari," in ji mai walda. "Zan gaya maka yadda ake yi, kai za ka sa."

Na je na lallaɓo motar da giya ɗaya, na tsayar da ita a gindin mangwaron, mai facin ya matsar mana da tayoyinsa. Ba yadda za a kai hannu wurin sai an sauka ƙasa. Na dafa kujera na sauke ƙafar dama, na jawo ta hagu, na durƙusa a bakin ƙofar direba. Shekara tara ina surukin mutumin nan, wannan ne karo na farko da gwiwata ta taɓa ƙasa a garejinsa. Mai walda yana faɗa ina yi. Na zare fil, na fitar da tsohon zoben, gefe guda ya cinye ya zama kamar takarda. Na sa sabo, na shafa giris, na auna wasan da yatsa biyu. Da na gama na daɗe a wurin, kaina a ƙarƙashin sitiyari, ina kallon katakon. A gefensa robar ta ɗan ɗaye, jan maɗacin yana leƙowa. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri." Ban san ko a fili na faɗa ba.

Mai walda da mai faci ne suka kama ni na tashi. Mai facin ya sunkuya ya leƙa, ya taɓa ƙarfen, ya taɓa katakon, ya girgiza kai.

"Oga, wannan aikin fa? Wa ya yi maka?"

Na karɓi tsumma na goge hannu. Saura zobe shida a gwangwanin.

Na ce, "Ubana ne."